Abin da Ke Bayan "Da Sauƙi": Juriya da Fata a Zuciyar Wanda Ya Tsallake Ciwon Daji

Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya a ƙasar Hausa ya san amsar da zai samu tun kafin ya buɗe baki. Za ka ce, "Sannu, ya jiki?" majinyaci kuma ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi," ko da kuwa daren jiya bai runtsa ba. Wannan amsa tarbiyya ce mai kyau, domin tana ɗauke da godiya ga Allah da kuma kara ga wanda ya tako ya zo gaisuwa. Sai dai idan ciwon daji ne, wato sankara, amsar takan lulluɓe abubuwa masu nauyi, musamman a bakin wanda aka riga aka sallamo daga asibiti, aka yi masa barka da arziki, 'yan dubiya suka ɗauke ƙafa, kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Halin da zuciyar wannan mutum take shiga daga ranar nan zuwa shekarun da ke biye shi ne abin dubawa a nan, tare da tambayar da ta daɗe tana raba kan masana: me juriya da kyakkyawan fata suke iya yi wa mai wannan ciwo, kuma a ina ikonsu ya tsaya?

Mutanen da ake magana a kansu ba kaɗan ba ne. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Liyon a Faransa ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an sami sababbin masu ciwon kusan miliyan 20 a duniya, miliyan 9.7 sun rasu, yayin da wajen miliyan 53.5 suke raye cikin shekara biyar da gano musu shi. A Nijeriya ana samun sama da mutum 120,000 a shekara, kuma kusan 80,000 ne suke rasuwa. Wani bincike da aka buga a 2020, wanda ya bibiyi mata masu sankarar mama a ƙasashen Afirka biyar, ya gano cewa daga cikin matan Nijeriya da aka bi, kashi 36 cikin ɗari ne kawai suka kai shekara uku a raye, alhali a ƙasashe masu arziki sama da kashi 90 suna wuce shekara biyar. Ma'anar wannan ga zuciya a bayyane take: wadda ta tsira a Kano ko Zariya ko Maraɗi ta ga an tafi da da yawa daga cikin waɗanda suka zauna layi ɗaya suna jiran likita, don haka tsoron da take ɗauke da shi yana da tushe a abin da idonta ya gani.

Likitan da ya fara bai wa wannan rayuwa suna a fagen ilimi shi ma majinyaci ne. Fitzhugh Mullan, wani likita Ba'amurke, yana ɗan shekara 32 aka gano masa daji a ƙirji, kuma a 1985 ya rubuta wata maƙala inda ya ce raba mutane gida biyu, wanda ya warke da wanda bai warke ba, bai dace da abin da ya gani a jikinsa ba. Ya kasa rayuwar gida uku kamar lokutan shekara. Na farko lokacin gano ciwo da tiyata da ƙarin ruwan kemo da gashi da na'ura. Na biyu lokacin da aka gama magani aka shiga zaman jira da sa ido. Na uku lokacin da shekaru suka ja har hankali ya soma kwanciya. Mutane sukan ɗauka na farko ne mafi tsanani, kuma lallai yana da nasa bala'in: wani bincike a Suwidin da ya ƙunshi mutum sama da miliyan shida, wanda aka buga a 2012, ya nuna cewa a makon farko bayan an sanar da mutum yana da daji, haɗarin ya hallaka kansa yana ninkuwa fiye da sau goma sha biyu, na mutuwa ta hanyar ciwon zuciya kuma fiye da sau biyar. Amma lokaci na biyu yana da wata wahala da ba a cika gani ba. Lokacin magani akwai jadawali, akwai ranar komawa, akwai dangi a gefen gado. Da an gama, sai mutum ya wayi gari babu abin da yake yi wa ciwon, ga kasala da ba ta jin barci, ga hannu ya kumbura a ɓangaren da aka yi aiki, ga mantuwa, ga bashi, kuma duk wani ciwon baya ko tari sai gaba ya faɗi, a ce ko ya dawo ne.

Wannan fargabar dawowar ciwo ita ce ta fi kowace damuwa yaɗuwa tsakanin waɗanda suka tsira, domin kusan rabinsu suna fama da ita daidai gwargwado ko mai tsanani, kuma takan tashi duk lokacin da ranar komawa asibiti ta matso. Wani nazari da aka buga a mujallar Lancet Oncology a 2013 ya tattara bincike da dama kan waɗanda suka haura shekara biyu da gano ciwon, ya ga cewa ciwon damuwa mai karya zuciya bai fi yawa a cikinsu ba sosai idan aka gwada da masu lafiya, kashi 11.6 ne da kashi 10.2, amma fargaba ta kai kashi 17.9 a cikinsu alhali a sauran jama'a 13.9 ce. Akwai albishir a cikin waɗannan alƙaluma da ya kamata a faɗa da babbar murya: mafi yawan mutane suna miƙewa. George Bonanno na Jami'ar Kolombiya a Amurka, wanda ya shafe shekaru yana bin mutanen da suka shiga rashi da haɗari da ciwo mai tsanani, ya nuna cewa juriya ita ce hanyar da akasarin 'yan Adam suke bi, ba baiwar wasu 'yan tsiraru ba ce. A ma'anarsa, mai juriya yana jin zafi, yana kuka, wani dare ba ya barci, amma yana ci gaba da ci da sha da hulɗa da sana'a, kuma girgizar ba ta rushe shi.

Inda magana ta yi zafi shi ne batun ko ƙarfin zuciya yana ƙara wa mai daji kwana. A 1979 Steven Greer da abokan aikinsa a Landan suka buga sakamakon bin mata 69 masu sankarar mama, suka ce waɗanda suka tunkari ciwon da zuciyar faɗa sun fi waɗanda suka sare tsawon rai. Bayan shekara goma, David Spiegel na Jami'ar Stanford ya ba da rahoton mata 86 waɗanda dajinsu ya riga ya bazu: waɗanda suka riƙa zaman tattaunawa a rukuni kowane mako sun rayu wata 36.6 a matsakaici, sauran kuma wata 18.9. Labarin ya zaga duniya, ya shiga jaridu da bakin jama'a, har ya zama kamar tabbatacce cewa da zuciya ake kashe daji. Amma da aka maimaita aikin da mutane masu yawa, sai ginin ya kasa tsayuwa. A 1999 Maggie Watson da tawagarta a asibitin Royal Marsden suka bi mata 578, ba su ga zuciyar faɗa ta ƙara wa kowa rai ba. A 2001 Pamela Goodwin a Kanada ta gwada zaman rukuni da mata 235, ta ga ya rage musu damuwa da raɗaɗi amma bai tsawaita rayuwarsu ba, kuma shi kansa Spiegel da ya sake gwajinsa da mata 125 ya buga a 2007, bai sami abin da ya samu da farko ba.

A ganina wannan sakamako rahama ce, kodayake da farko yakan yi kama da rashin nasara. Jimmie Holland, likitar ƙwaƙwalwa da ta kafa sashen kula da zuciyar masu daji a asibitin Memorial Sloan Kettering na New York a 1977, ta daɗe tana kokawa da abin da ta kira danniyar tilasta wa majinyaci fara'a. Ta ga marasa lafiya suna tsoron yin kuka don kada ƙarin ya girma, ta ga waɗanda ciwonsu ya dawo suna zargin kansu da cewa ba su yi ƙoƙari ba. Mu ma muna da irin namu. Idan mace ta zubar da hawaye sai a ce, "Haba, ki daure mana, damuwar nan ce take ƙara miki ciwon," namiji kuwa ba a ma ba shi wannan damar, domin an rene shi a kan cewa namiji barkono ne. Da kyakkyawar niyya ake faɗa, amma sakamakon shi ne a ɗora wa majinyaci kaya biyu, ciwon da kuma aikin ɓoye shi don hankalin masu lafiya ya kwanta. Wanda dajinsa ya dawo bai gaza a imani ko jarumta ba. Irin ƙarin, da matakin da aka same shi, da maganin da aka samu ko aka rasa, su ne suke yanke hukunci a zahirin sababi.

Duk da haka kuskure ne a tsallaka ɗaya gefen a ce halin zuciya ba shi da tasiri. A wancan bincike na Watson akwai abu guda da ya fito: matan da suka yanke ƙauna gaba ɗaya, suka ji babu abin da za su iya, sun fi fuskantar dawowar ciwo ko mutuwa. Hanyar da ta fi bayyana wannan ba ta da wani sirri. Wani nazari na shekarar 2000 ya nuna cewa majinyaci mai ciwon damuwa ya ninka waninsa kusan sau uku wajen barin bin umarnin likita. Maganin daji kuwa doguwar tafiya ce. Macen da dajinta yake ci da sinadarin jikin mata takan sha ƙwayar tamoxifen kullum har shekara biyar ko goma, kuma shekara biyar ɗin nan suna rage haɗarin mutuwa daga ciwon da kusan kashi ɗaya cikin uku, amma sai ga wadda ta sha. Haka nan a 2025 aka buga sakamakon wani gwaji da Kanada ta jagoranta a kan mutum 889 da suka gama maganin dajin babban hanji: waɗanda aka haɗa da mai horarwa suka riƙa motsa jiki na shekara uku, akasari tafiya da sauri, kashi 90 cikin ɗari suna raye bayan shekara takwas, waɗanda aka ba takardar shawara kawai kuma kashi 83. Fata ba ya taɓa ƙwayar daji, amma shi ne yake tayar da mutum da asuba ya hau mota zuwa asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya karo na shida, ya haɗiye ƙwaya a shekara ta huɗu, ya ɗaura takalmi ya fita tattaki.

Wannan ya dace da yadda Charles Snyder na Jami'ar Kansas ya fassara fata tun farkon shekarun 1990. A wurinsa fata ba jin daɗi ba ne kawai: sai an sami abin da ake son cimmawa, da hanyar da ake gani za ta kai can, da jin cewa ana da ƙarfin bin hanyar. Idan aka auna da wannan ma'auni za a fahimci dalilin da ya sa mutane da yawa a wurinmu suke barin asibiti. An ce musu daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi da wuƙa ko allura sai ya fantsama, kuma sun ga wadda aka yi wa aiki ta rasu, ba tare da sanin cewa ta je ne bayan ciwon ya ci ƙarfinta ba. Likita ya yi bayani a gurguje da kalmomin da ba su gane ba, mai magani a gida kuma ya zauna da su, ya saurare su, ya yi alkawarin waraka cikin mako uku. Ba rashin fata ne ya kai su can ba; fatansu ne ya bi hanyar da aka haska masa. Saboda haka duk wanda ya tsira ya fito ya ce, "Ni an yanke mini, ga ni shekara takwas," yana yin aikin da lacca ba za ta yi ba. Kan wannan tunani Betty Anyanwu-Akeredolu ta kafa ƙungiyar masu sankarar mama ta Nijeriya a Ibadan a 1997 bayan nata jinyar, kuma irin wannan murya da harshen Hausa ita ce ake ƙishirwa a Arewa, inda kunya take sa mace ta ɓoye ƙullutu a mama har ya fashe.

Akwai wani bincike daga gida da ya kamata duk mai magana a kan juriya ya sani. A 2010 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka buga abin da suka gani bayan sun bi matan aure 81 da aka cire wa mama. Wata shida bayan aikin, kusan kashi 68 cikin ɗari sun ce suna jin ba su cika mata ba, kuma bayan shekara uku kashi 38.3 an sake su ko sun rabu da mazajensu. Wato kusan mace huɗu cikin goma ta tsallake daji ta faɗa zawarci. Yaya za a auna ƙarfin zuciyar wannan baiwar Allah ba tare da an auna abin da aka yi mata ba? Ta rasa gaɓa, ta rasa ɗaki, watakila an raba ta da 'ya'yanta, kuma sau da yawa ta rasa mai biyan kuɗin sauran maganin. Idan ta karaya sai a ce ba ta da tawakkali, wadda mijinta ya tsaya mata ya raka ta asibiti ya wanke mata ciwo kuma a ce jaruma ce, alhali bambancin da ke tsakaninsu ba a cikin ƙirjinsu kaɗai yake ba. Wannan shi ne abin da na fi son mai karatu ya riƙe: juriya tana da rabo daga halitta da tarbiyya, amma babban ɓangarenta daga waje ake gina shi, kuma daga waje ake rushe shi.

Kuɗi ma haka. Galibin majinyata a Nijeriya daga aljihunsu suke biya, ana sayar da gona da dabbobi da kayan ɗaki, kuma na'urorin gashi kaɗan ne, mutum yakan yi tafiyar ɗaruruwan kilomita ya kama ɗaki ya jira layi. Asusun tallafa wa masu daji da gwamnatin tarayya ta soma a 2021 a asibitoci shida, ciki har da na Zariya da Gwambe da Abuja, domin sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta prostate, wato wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, mataki ne mai kyau, kuma duk naira da ta isa ga majinyaci ta wannan hanya tana sauke masa wani nauyi daga zuciya kafin a zo maganar lallashi.

Addini shi ne babban jigon da mutanenmu suke jingina da shi, Musulmi da Kirista, kuma labarin Annabi Ayuba yana bakin kowa. Masanin halayyar ɗan Adam Kenneth Pargament ya bambanta hanyoyi biyu da mutane suke riƙon addini a lokacin musiba. Akwai wanda yake ganin Ubangiji yana tare da shi a cikin jarrabawar, wannan yakan sami natsuwa. Akwai kuma wanda yake ganin an yi fushi da shi ne, ko an yashe shi, ko wani ne ya yi masa jifa, wannan damuwarsa takan ninku. Kalmar da ɗan dubiya ko malami ya furta tana iya tura majinyaci ɗaya daga cikin biyun. "Allah ya sa kaffara ne" addu'a ce mai sanyaya rai. "Ki binciki tsakaninki da Allah" kuwa tuhuma ce. Kuma haƙurin da addini ya koyar bai hana hawaye ba. A cikin Suratu Yusuf, Annabi Yaƙub ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, ya ce ga Allah yake kai kukansa, kuma shi ɗin ne dai ya umarci 'ya'yansa kada su yanke ƙauna daga rahamar Allah, su tashi su je su nema. Baƙin ciki da fata da aiki sun haɗu a zuciya ɗaya ba tare da ɗaya ya kore ɗaya ba.

Daga nan ne ake gane kuskuren ɓoye wa majinyaci gaskiya. Dangi sukan ja likita gefe su ce kada a faɗa masa, zai karaya. Amma mai ciwo yakan gane daga fuskoki da raɗe-raɗin da ake yi a ƙofa, sai ya zauna shi kaɗai da saninsa, yana yi musu kara suna yi masa. Fata yana iya sauya alƙibla ba tare da ya mutu ba: wanda ya daina sa ran warkewa yana iya sa ran kwana ba raɗaɗi, ko ganin auren 'yarsa, ko biyan bashi da neman gafarar waɗanda ya ɓata wa. A 2010 Jennifer Temel a birnin Boston ta gwada wannan da mutum 151 masu dajin huhu da ya bazu. Waɗanda tun farko aka haɗa su da masu kula da raɗaɗi da damuwa, ana yi musu bayani a fili, sun fi jin daɗin rayuwa, ciwon damuwa ya yi ƙaranci a cikinsu, kuma sun rayu wata 11.6 a tsaka-tsaki, sauran kuma wata 8.9.

Wasu da suka tsira sukan ce ciwon ya sauya su ta fuska mai kyau: sun san masoyansu na gaskiya, sun rage kwaɗayin duniya, ibadarsu ta yi zurfi. Richard Tedeschi da Lawrence Calhoun sun yi nazarin wannan a 1996 suka kira shi bunƙasa bayan musiba. Gaskiya ne yana faruwa, kuma yakan zauna tare da tsoro a zuciya guda. Sai dai magana ce da ta halatta a bakin wanda ya sha wuyar kawai, a lokacin da ya ga dama; idan mai lafiya ya riga shi faɗa, ya zama wani sabon nauyi, kamar ana bin sa bashin darasi.

Akwai kuma mai jinya, wanda ba a tambayar sa ya jiki. Wancan nazari na 2013 ya ga cewa fargabar da ke zuciyar mata ko mijin wanda ya tsira takan kai ta majinyacin, wani lokaci ta wuce. A asibitocin da suka ɗauki wannan da muhimmanci ana amfani da wata takarda mai shafi ɗaya da Holland da abokan aikinta suka samar a ƙarshen shekarun 1990, mai hoton ma'aunin zafin jiki daga 0 zuwa 10. Ana tambayar majinyaci nawa damuwarsa ta kai a makon da ya wuce, sannan ya nuna tushenta, ko kuɗi, ko iyali, ko barci, ko raɗaɗi, ko ibada, kuma wanda ya kai 4 zuwa sama ana zama da shi a ji ƙarin bayani. Ba ta buƙatar na'ura ko wutar lantarki, ma'aikaciyar jinya za ta iya yin ta da Hausa cikin minti biyu a ranar komawa asibiti, ga majinyaci da kuma wanda ya rako shi. Amfaninta a wurinmu shi ne tana ba mutum damar ya ce "da sauƙi, alhamdu lillahi" kamar yadda aka tarbiyyantar da shi, sannan ya ɗora yatsa a kan bakwai.